Takarda Ba Suna a Akwatin Malama Taga

Duk wanda ya yi aji shida a wannan firamare cikin shekaru ashirin da suka wuce, ko ya manta lissafin da aka koya masa, bai manta Malama Taga ba. Ba ita ta zaɓi sunan ba. Yara ne suka laƙaba mata, don ba ta taɓa shiga aji ta fara da amsa gaisuwa ba. Kafin ta ajiye jaka sai ta bi tagogin nan shida ɗaya bayan ɗaya ta bankaɗe su, wadda ta cije ta sa gwiwar hannu ta doke ta. Ko ruwa ake tsugawa, sai dai na gefen taga su ja benci su matsa. Tun ana faɗin sunan a bayan idonta har ta kai hedimasta da kansa da shi yake kiranta a taron malamai, ita kuma ta amsa ko ɗago kai ba ta yi.

Gajeriya ce mai jiki, gwiwarta ta hagu na ba ta wahala, muryarta kuwa in ta ɗaga sai mai gadi ya jiyo ta daga bakin ƙofa. Ba ta riƙe bulala, kallo ɗaya ya ishe ta. Ajinta yaro casa'in da huɗu ne, biyar-biyar a bencin da aka yi don mutum uku, na gaba har suna iya miƙa hannu su taɓa allo. A haka take koya musu komai, kuma a kan rubutu ba ta da sassauci: yadda ta ja harafi a allo haka za ka ja shi a littafinka, ko ka sake shafin.

Mutane na ɗauka tsabar fitina ce ta haɗa ta da tagogi. Kaɗan ne suka san mafarin abin. Mahaifinta tela ne, shagonsa ɗaki ne da ba taga, da rana tsaka ma sai an kunna fitila. A ciki ya yi tari shekara biyu ana cewa ƙurar yadi ce, har ya rasu. Tana 'yar shekara goma sha uku tarin ya kama ta. Ita ta yi sa'a, wani maƙwabci ya matsa aka kai ta asibiti, aka ce tarin fuka ne, ta sha magani watanni ta warke. Sai dai ba ciwon ne ya fi yi mata zafi ba. An ware mata kofi da kwano, an ware mata tabarma, ƙawayenta in sun hango ta sai su toshe hanci su tsallaka hanya. Yayarta, wadda ta yi jinyarta tun daga farko, tana kallon duk wannan. Da nata tarin ya zo sai ta ɓoye. Banɗaki take shiga ta saki famfo ta yi abinta. Ranar da aka gane ta riga ta ƙare, ba ta ƙara wata biyu ba.

Saboda haka da ofishin lafiya ya aiko takarda cewa kowace makaranta ta fitar da malami ɗaya da zai riƙa koya wa yara yadda ake kare kai daga tarin fuka, sauran malamai kowa ya sunkuyar da kai yana duba littafin da ba ya karantawa, ita kuwa ta riga ta miƙe. Yini ɗaya aka yi musu bita, aka ba su fosta guda da ɗan littafi. Fostar ba ta burge ta ba. Ranar Larabar farko ta shigo aji ta ce a rufe duk tagogi. Yara suka yi tsit, don wannan ba a taɓa ji ba. Ta bar 'yar kafa guda inda rana ke leƙowa, ta ɗauki dasta cike da alli ta karkaɗe a cikin hasken.

"Kun gani? Ta faɗi ƙasa?"

"A'a, Malama!"

"To haka ƙwayar tarin fuka take. Ba a kofi take ba, ba a cokali ba, ba a gaisawa ba. A iska take rataye in mai ciwon ya yi tari a ɗakin da aka toshe, kowa ya shigo ya shaƙa. Na gefe, ku buɗe!"

Aka bankaɗe tagogi, ƙurar ta yi waje a gaban idonsu. Daga ranar kowace Laraba tana da minti ashirin. A yi tari a gwiwar hannu ko a hankici. Kada a tofar da kaki a ƙasa. A kai jariri rigakafi. Tarin da ya wuce mako biyu, ga zazzaɓi, ga zufa cikin barci, ga rama, asibiti yake so ba kemis ba. Magani wata shida ne, ba a tsallake ko rana ɗaya. Kuma wanda ya fara shan magani ba abin gudu ba ne, ɗan'uwanka ne. Wannan na ƙarshe ta fi nanatawa, shi ne kuma bai shiga ba.

Yara kowa ya san halinsu: a cikin abu goma da ka faɗa, wanda za su yi wa juna tsiya da shi suke ɗauka. Kafin wata ya zagayo, duk wanda ya kuskura ya yi tari a ajin nan sai ka ji an hau dukan benci, "Mako biyu! Mako biyu!" Na kusa da shi su zame har su faɗo ƙasa. Ta yi faɗa, ta sa wasu durƙuso, ta yi nasiha har muryarta ta dishe. Waƙar ta daina a gabanta, ta koma filin wasa. Can sai ta lura ajinta ya zama ajin da ba a tari. Yaro casa'in da huɗu, awa biyar, ba ko gyaran murya. Ta san wannan shirun tun daga gidansu.

Nan ta ƙirƙiro akwati. Babban kwalin alli ne, ta liƙe shi ta yanka masa baki a sama. Ta yanka takardu casa'in da huɗu iri ɗaya, ta ja wa kowace gurbi goma sha huɗu, a ƙasa ta rubuta: Wa ke tari? Kowane yaro ya tafi da ɗaya. In akwai mai tari a gidansu, kullum ya yi alama a gurbi ɗaya, in an ga jini ya zagaye alamar da jan biro. Bayan mako biyu kowa ya ninke tasa ya jefa, mai alama da marar alama, don kada a gane. Ba a rubuta suna.

"Na yi muku alkawari," in ji ta, "ba zan kira sunan kowa a gaban aji ba. Abin da ya shiga akwatin nan tsakanina da shi ne."

In ta buɗe sai ta ce wa aji gaba ɗaya, takarda kaza sun cika, masu su sun san kansu, su gaya wa na gida asibiti na jiransu. Sannan ta raba wa kowa 'yar takardar shaida daga asibitin unguwa. Dabarar ta ci. Zagaye biyu na farko amsoshin duk iri ɗaya ne: kaka, baba, kawu, mai haya a ɗakin gaba. Ma'aikaciyar da ke kula da masu tari a asibitin, wadda kowa ke kira Sista, ta aiko mata cewa manya huɗu sun zo da takardar, biyu an same su da ciwon, an ɗora su a kan magani. Gaskiya kan Malama ya ɗan kumbura. A ranta manya take farauta ta hannun yara, bai taɓa zo mata cewa akwatin zai kamo wani abu daban ba.

Zagaye na uku ta buɗe shi ranar Litinin ta makon ƙarshe, an gama jarrabawa, Juma'a za a tafi dogon hutu. Tana zaune ita kaɗai a ɗakin malamai tana warware takardun. Ta zo kan wata da ta yi laushi don yawan ninkewa. Gurbi goma sha huɗu duk sun cika. Ta juya baya, alamomin sun ci gaba a jere, ƙanana, an matse su: ashirin da uku. Uku na ƙarshe an zagaye su da ja. Ta koma gaba ta duba ƙasa, wurin Wa ke tari? Harafi biyu ne kawai. Ni.

Ba ta san lokacin da ta isa ofishin hedimasta ba.

"Yallaɓai, a ajina akwai yaron da ke tarin jini."

"Subhanallahi. Wane?"

"Ban sani ba."

Ya cire tabarau ya dube ta. Ta ajiye masa takardar, ya juya ta gaba da baya.

"Malama Taga, wannan ai zane ne da biro. Ƙila wani ne ya yi miki wasa. Kin san yaran nan."

"Wasa ba ya kai kwana talatin da bakwai. Duba da kyau, Yallaɓai. Nan shuɗin biro, nan baƙi, nan fensir. Kullum ake yin ɗaya. Tun takardar farko ce, aka riƙe ta aka kasa jefawa sai yanzu. Ka rubuta wa iyaye, kowa ya kai ɗansa gwaji."

"In na rubuta wannan wasiƙar, jibi ko yaro ashirin ba za ki gani a makarantar nan ba, ba ajinki kaɗai ba. Kuma sai sun nemo yaron, in ba su same shi ba su laƙa wa wani. A bari a dawo hutu mu rubuta wa ofis."

"Hutun mako bakwai ne."

"Na san tsawon hutu, Malama."

Ba mugu ba ne. Mutum ne da ya ga iyaye sun taɓa kwashe yara a kan abin da bai kai wannan ba, kuma abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa. Ta ɗauki takardarta ta fita.

Talata ana tashi ta hau babur sai asibiti. Ta tarar da Sista ita kaɗai da layin mutane har waje. Ta jira aka rage, ta shimfiɗa mata takardar a tebur.

"Anti, ki kawo mini yaro ɗaya da uwarsa ko ubansa, yau ɗin nan zan karɓi kakinsa. Casa'in da huɗu kuwa ko kwalaben kakin ba ni da su, kuma ba ni da ikon taɓa ɗan wani ba da sanin iyayensa ba. Motar hoton ƙirji da ke zagaya makarantu sai zango mai zuwa."

"Yaron zai kai lokacin?"

Sista ta daɗe tana kallon jajayen zagayen nan uku.

"Ki nemo shi, Anti," in ji ta.

Laraba ta yi kuskuren da har yau in ta tuna sai ta runtse ido. Ta tsaya gaban aji ta ce akwai takarda ɗaya da mai ita ke buƙatar magani da gaggawa, kuma ɗan ajin nan ne. Ta ce ba za ta kira suna ba, amma don Allah, don iyayensa, ya same ta a ɗakin malamai lokacin tara ko bayan an tashi. Muryarta ta karye, yara suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Ita a tunaninta roƙon mutum ɗaya take yi. Ashe 'yan sa-ido casa'in da uku ta ɗauka aiki. Aka fita tara, ta zauna tana kallon ƙofa, ba wanda ya shigo. Da ta leƙa sai ta ga rabin ajinta zaune a gindin bishiyar da ke fuskantar ɗakin malamai, ba wasa, ba ciye-ciye, suna jiran su ga wanda zai taka matakalar. Bayan an tashi ma haka suka yi cirko-cirko a bakin ƙofar makaranta. Ko babba ne ba zai iya ratsa idanun nan ba.

Da yamma ta kwaso takardun jarrabawa duka, ta ajiye 'yar takardar a tsakiya, ta shiga neman wanda ke jan harafin nan biyu haka. Ta ware goma, suka zama talatin, suka zama hamsin. Dukansu iri ɗaya suke ja, irin nata. Shekara guda ta yi tana sa su sake shafi har ta goge wa kowa hannunsa. Ta kifa kai a kan tarin takardun ta yi kuka sosai, mai shara na jin ta daga waje bai shigo ba.

Alhamis ta fitar da su fili ta ce yau motsa jiki za a yi, kowa ya zagaya sau biyu a guje. Ta tsaya a tsakiya tana baza kunne. Ko da suka tsaya, kusan rabin ajin na tari, ga ƙura ga haki, wasu suna yi da gangan suna dariya. Wasu goma sha sun zauna tun zagaye na farko, wannan ya ce ƙafa, wancan ya ce ciki. Ta bi su da ido ɗaya-ɗaya. Duk siraran yara ne. A unguwar nan wa ke da ƙiba?

Juma'a ta ƙi bari a raba sakamako yadda aka saba, a miƙa wa na gaba ya miƙa baya. Ta zauna a bakin ƙofa ta ce kowa ya zo ya karɓa da hannunsa. Duk wanda ya zo sai ta riƙe hannunsa kamar tana yi masa sai an dawo, tana jin zafin tafinsa, tana leƙen idonsa. Yaran sun daɗe a layi cikin rana, kowane hannu da zafi. Tamanin da uku ta riƙe, sha ɗaya ba su zo ba. Aka kaɗa ƙararrawa, suka watse da ihu, fili ya zama wayam. Ta daɗe zaune a kujerar. Daga ƙarshe ta miƙe ta buɗe durowa ta ɗauki rajistar aji, wadda doka ta hana a fita da ita daga makaranta, ta cusa a jaka.

Maigidanta tsohon direba ne da ya ajiye tuƙi, mutum mai son barkwanci. Da ya ga ta baje rajista a tabarma tana rarraba gidaje unguwa-unguwa, sai ya ce, "Malama, ƙidayar jama'a aka ba ki?" Ta gaya masa. Bai ƙara wasa ba. Ya ce, "Da wannan gwiwar?" Ta ce da ita. Washegari shi ya nemo mata sanda, ya kuma zauna yana fassara mata adireshin, don shi ya san lunguna. Adireshin ma abin takaici ne: bayan gidan mai, kusa da famfo, layin mai faci. Wane famfo? Mai facin ya tashi shekara uku da suka wuce.

Ta fara da sha ɗayan da ba su zo ba, duk lafiyarsu ƙalau. Sannan ta shiga sauran. Gida uku, gida huɗu a yini, wata rana ɗaya tak don neman ya cinye ranar. A kowace ƙofa ƙarya ɗaya take yi, cewa ta zo duba aikin hutu. Iyaye na murna, a shimfiɗa mata tabarma, a kawo ruwa, a kira yaro ya zo yana rarraba ido don ba a ba shi wani aikin hutu ba. Ita kuwa ba littafin take kallo ba, wuyan yaron take kallo da ƙashin kafaɗarsa, kunnenta yana cikin ɗaki. In ta fito sai ta ɗiga ɗigo a gefen sunan. Wasu an tura su hutu garin dangi. Wasu sun tashi, maƙwabta ba su san inda suka koma ba. Waɗannan su suka fi cin ranta, don kowane ɗaya a cikinsu yana iya zama shi.

Gwiwar ta kumbura har ta daina lanƙwasuwa. Ta daina cin abincin kirki. Duk tarin da ta ji a hanya sai ta waiga, ko na tsoho ne. Kowace safiya lissafi ɗaya take yi: talatin da bakwai, da kwanakin makon ƙarshe, da na hutu. Maigidan ya ce ta huta yini ɗaya, ta ce shi yaron tarin nasa hutawa yake yi? Sai ya dafa ruwa ya gasa mata gwiwar.

Rana ta goma sha tara, gida na hamsin da bakwai, wani dogon gidan haya ne mai ɗakuna a jere da igiyoyin shanya a tsakar gida. Wani yaro ta zo nema, ta same shi yana buga ƙwallo da bango, lafiyayye kamar ɗan maraƙi. Ta gaisa da uwarsa, ta ɗiga ɗigonta, ta juya za ta fita. Sai ta ji shi. Ba mai ƙarfi ba ne. Tari ne da aka danne da matashi, ya fito a daƙushe, ya ja, ya tsaya, ya sake. Ta juyo.

"Wane ne a ɗakin ƙarshe?"

Uwar yaron ta rage murya. "'Yar mai wanki ce. Ba su daɗe da tarewa ba. Ai ita ma ajinki take."

Mai wankin na tsaye a ƙofar ɗakinta tana guga a kan tebur, ga tulin kayan mutane a gefe. Da ta ga Malama ta nufo ta sai ta ajiye dutsen gugar ta tare ƙofa da jikinta.

"Sannu da zuwa, Malama. Barci take yi. Mura ce, na sayo mata maganin ruwa a kemis, kwalba ta huɗu ke nan."

"'Yar'uwa, matsa mini."

"Malama, ki rufa mini asiri." Hawaye suka zubo mata. "Kayan mutane nake wankewa. In aka ji, wa zai sake ba ni ko hankici? Mai gidan nan kuma ya kore mu, da ƙyar muka samu ɗakin. Ubansu ba ya nan. Ina zan kai su?"

"Na sha wannan ciwon ina kamar ta, ga ni a gabanki. Yayata ta ɓoye, tana ƙasa. Zaɓi ɗaya."

Matar ta matsa. Ɗakin duhu, an toshe tagar da kwali da tsumma don kada sauti ya fita, iskar ciki ta yi nauyi. Ƙananan yara biyu na zaune a ƙarshen katifa suna wasa da murfin kwalba. A ɗaya ƙarshen yarinyar ce kwance, rungume da matashi. Malama ta durƙusa a kan gwiwar da ba ta lanƙwasuwa, ba ta ma ji zafin ba. Wuyan yarinyar ya zama kamar na cokali, idanun sun yi girma. Ta san fuskar. Layin tsakiya, benci na shida, ta biyu daga dama. Ba ta fashi, ba ta surutu, ba ta zo ta ɗaya ba, ba ta zo ta ƙarshe ba.

Yarinyar ta yi murmushi. "Na ce wa Mama za ki zo."

"Ga ni."

"Ai na san kin gane rubutuna. Ranar Laraba na so in zo, suna ta kallo. Na yi ta kallon ki ko za ki aike ni ɗebo alli, sai in gaya miki a hanya." Ta tsaya ta ja numfashi. "Da kika riƙe hannuna ranar Juma'a na ce shi ke nan, kin sani, jira kike a watse. Malama, me ya sa kika daɗe?"

Malama ta miƙe. Ta cire mayafinta, ta juya baya ta ce wa uwar, "Ɗora mini ita." Yarinya 'yar shekara goma sha uku, ba ta fi nauyin jakar littattafai ba. Ta ce uwar ta kwaso ƙananan su biyo ta, su ma sai an duba su. Ta bar sandar a ɗakin. Mutanen gidan suka fito suna kallo, ta ratsa su, ta tare mai babur a bakin titi.

Don kada a bar mai karatu cikin zullumi: yarinyar ta rayu. Ta yi makonni a gadon babban asibiti, ta yi watanni tana shan magani, huhunta na dama bai koma daidai ba, kuma ba ta sake iya gudu ba. Ƙaramin ƙanenta ma an same shi da ciwon, an tare shi da wuri. Amma in Malama ta tuna ranar nan, ba wannan ne ke zo mata ba.

Abin da ke zo mata shi ne teburin Sista. Sista na ganin su ta tsallake layi, ta zaunar da yarinyar a benci, ta sa abin awo a ƙirjinta ta saurara gaba da baya. Ba ta ɗauko kwalbar kaki ba. Takardar tura marar lafiya babban asibiti ta jawo, ta cire murfin biro. Uwar ba ta iso ba tukuna, tana baya da ƙananan.

"Sunanta, Anti?"

Malama ta tsaya. A ajin mutum casa'in da huɗu ba a kiran rajista da suna, lokaci ba ya isa. Kowa lambarsa yake faɗa, ita ta bi da biro. Ta san sunan masu ƙoƙari, ta san na masu fitina. Ta lalubi kanta sama da ƙasa, bencin kawai take gani. Sista na jira, biro a sama. Yarinyar ma ta ɗago tana kallon Malamarta da sauran murmushin nan, tana jira ta ji sunanta a bakinta.

Murmushin ya tafi a hankali. Yarinyar ta mayar da ido kan tebur, ta faɗa wa Sista sunanta da na mahaifinta. Sannan, ba tare da ta ɗago ba, ta ƙara da ƙaramar murya, kamar mai taimakon wanda ya ɓata hanya:

"Lamba sittin da ɗaya, Malama."